Muhawara: Babban yatsa ne kaɗai ya raba hannunmu da na biri?

Auwalu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masana halittu na wannan zaure. A darasin ƙasusuwa an nuna mana hoton hannun cimfanzi kusa da na mutum, ni dai abin da idona ya gane mini shi ne hannu iri ɗaya, illa dai nasa babban yatsan ya gajarce. To magana ta ƙare ke nan? Da za a ƙara wa cimfanzi tsawon babban yatsa, zai iya zura zare a allura, ya riƙe biro kamar mu? Ni a ganina zai iya. Mai ja ya fito.

Malam Sabi'u:
Wa'alaikumus salam Auwalu. Ga mai ja ya fito.

Ta fuskar lissafi kana da gaskiya. Hannun mutum ƙasusuwa 27 ne: 8 a wuyan hannu, 5 a cikin tafi, 14 a yatsu. Na cimfanzi da na gorila ma haka suke. Yawancin sauran birai, har da orangutan da gibon, 9 gare su a wuyan hannu, domin akwai wani ɗan ƙashi da yake zaman kansa a wurinsu, mu kuwa ya manne da maƙwabcinsa tun muna ciki. Amma ka sake duba hoton nan. Ka tsaya a kan babban yatsa, ka manta da sauran huɗun. Tafin cimfanzi dogo ne siriri, yatsunsa dogaye, ƙasusuwansu ma a ɗan lanƙwashe suke. Ko ka ƙara masa babban yatsan, tafiya ce mai nisa kafin ya kai kan manuni. Shi ya sa in zai ɗauki ƙaramin abu, yawanci sai ya matse shi tsakanin babban yatsa da gefen manuni, ba kai da kai ba.

Auwalu:
To Malam ai ba mu rabu ba. A ƙara tsawon ya isa inda ake so.

Dakta Binta:
Ɗan'uwa Auwalu, tsawo ba ya motsa kansa. Bari in shigo da abin da nake gani kullum a wurin aiki.

Buɗe hannunka ka dubi tudun naman da ke gindin babban yatsa. Tsokoki ne da ke juyo da shi ya fuskanci sauran yatsu. A mutum tudun nan cike yake, a cimfanzi bai kai haka ba. Yanzu riƙe babban yatsan da ɗaya hannun, ka lanƙwasa gaɓar ƙarshe kaɗai, wadda ke ɗauke da farce. Tsokar da ta yi wannan aikin ba a yatsan take ba, tana can cikin sangalin hannu, jijiyarta ce ta ratso ta wuyan hannu ta zo ta kama ƙashin ƙarshe. A wurinmu tsoka ce mai zaman kanta, mai ƙarfi. A cimfanzi da gorila da orangutan, sau da yawa jijiyar siririya ce ƙwarai, ko ma babu ita sam. Da ita kake danne biro, da ita kake murɗa mabuɗi.

Sai gaɓar gindi, inda ƙashin babban yatsa ya hau kan na wuyan hannu. Siffarta ta sirdi ce, mahayi na iya sunkuyawa gaba da baya, ya karkata hagu da dama, bai faɗo ba. Manyan birai ma suna da ita, amma tamu ta fi faɗi da shimfiɗuwa, tana ɗaukar matsi mai yawa. Kuma ita ce take fara ciwo in shekaru sun ja, musamman ga mata.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne ɓangaren ƙaramin yatsa. Haɗa kan babban yatsa da kan ƙarami. Ka ga yadda tafin ya lotsa? Ƙasusuwan tafi na huɗu da na biyar ne suka juyo suka tarbi babban yatsan. Don haka guduma take kwanciya a karkace cikin tafinka ta zama kamar ci gaban hannu. Wani likita ɗan Ingila, John Napier, shi ya raba riƙo gida biyu a 1956: riƙon ƙarfi da tafi gaba ɗaya, da riƙon tsanaki da kawunan yatsu. Duka biyun suna buƙatar ɓangarorin hannu biyu, ba yatsa ɗaya ba.

Ummi:
Dakta na gwada duka, har da na ƙaramin yatsa. Amma ni tambayata daban ce. Me ya sa shi cimfanzin yake da dogayen yatsu tun farko? Kuma me ya sa yake tafiya a kan bayan yatsunsa kamar mai jin zafin ƙasa?

Malam Sabi'u:
Malama Ummi, tambayoyinki biyu amsarsu ɗaya. Ga gwaji: saki hannunki ya yi laushi, ki tanƙwara wuyan hannu baya. Za ki ga yatsun sun lanƙwashe da kansu ba ki sa su ba. Dalili, jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu sun ratso ta wuyan hannu, in kin ja shi baya sai su ɗaure. A wurinki abin kaɗan ne, kina iya shimfiɗa tafi da yatsu a kan tebur. A cimfanzi tsokokin gajeru ne idan aka gwada da tsawon hannun, ba ya iya tanƙwara wuyan hannu baya sosai alhali yatsu na miƙe. In ya rataya a reshe, nauyin jikinsa da kansa yake taimakawa wajen rufe yatsun, su zama ƙugiya, bai ɓata ƙarfi mai yawa ba.

To hannun da aka gina haka, in ya sauko ƙasa yaya zai yi? Sai ya naɗe yatsun ciki, ya ɗora nauyi a bayan gaɓoɓin tsakiya. Fatar wurin ma ta yi kauri. Haka gorila da bonobo suke yi. Orangutan, wanda ya fi su zaman bishiya a dazukan Borniyo da Sumatra, in ya sauko yakan dunƙule hannun ne ya taka a gefensa. Bika kuwa da jan biri, masu yini a ƙasa, yatsunsu gajeru ne, suna taka cikin yatsun su ɗage tafin sama. Jan biri shi ne gwanin gudu a duk dangin, yana kai kimanin kilomita 55 a awa.

Garba Makaniki:
Ku dai kuna ta lissafin jijiya. Ni abin da na sani, cimfanzi ya fi ƙato biyar ƙarfi. In ya kama hannunka sai dai wani ba kai ba. Ina amfanin zura zare a allura?

Dakta Binta:
Malam Garba, ƙarfi yana da shi, kuma ba dabbar wasa ba ce. Amma maganar ninki biyar tsohon zance ne da aka yi ta yaɗawa. A wani bincike na 2017 an auna zaren tsokarsa kai tsaye, aka ga in girman tsoka ɗaya ne, tasa ta fi tamu da kusan kashi 35 cikin ɗari. Dalilin shi ne kusan kashi biyu cikin uku na zaren tsokarsa masu saurin fizga ne, namu kuwa masu jimiri suka fi yawa. Ƙara da cewa kason naman jikinsa da ke hannuwa da kafaɗu ya fi namu, mu kuwa namu ya fi taruwa a ƙafafu.

Garba Makaniki:
Dakta ki je ki faɗa masa kashi 35 ne kawai, mu muna nan muna jiran sakamako.

Auwalu:
Hahaha. Amma ku dawo kan batuna. Duk abin da Dakta ta lissafa, a kewayen babban yatsa yake. Ni har yanzu ina nan kan cewa shi ne sarki. Duk birin da babban yatsansa ya fi kyau, shi ya fi ci gaba.

Malam Sabi'u:
Wannan kalma ta "ci gaba" ita ce ban yarda da ita ba. Ci gaba zuwa ina?

Birin kolobus na dazukan Afirka babban yatsansa ɗan kututture ne kawai, wasu ma ba a ganinsa. Birin gizo-gizo na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu shi ma haka, yatsu huɗu ne ke aiki. Su biyun ba dangi na kusa ba ne, kowa ta hanyarsa ya kai ga hannu mai yatsu huɗu. Ga mai tsalle yana cafkar reshe a guje, ƙugiya zalla ta wadatar. Shi birin gizo-gizo ma wutsiyarsa tana kama reshe ta ɗauki nauyinsa duka, ƙarshenta ta ciki babu gashi, kuma tana da zane irin na tafin hannu.

Gibon na kudu maso gabashin Asiya, wanda babu kamarsa wajen lilo daga reshe zuwa reshe, bai rasa babban yatsa ba. Nasa tsagar ta yi zurfi har kusa da wuyan hannu, in yana lilo sai ya kwantar da shi gefe, in zai hau kututture mai kauri sai ya buɗe shi. Wuyan hannunsa yana juyawa ƙwarai, jiki ya kewaya alhali yatsu na riƙe da reshe. Aikin yana da haɗari, an sha samun tsohuwar karaya da ta warke a ƙasusuwan na daji.

Akwai poto, wata 'yar dabbar dare a dazukan Afirka mai tafiya a hankali. Ita manuninta ne ya zama kututture, babban yatsa ya koma can ɗaya gefen, hannun ya buɗe ya kewaye reshe. A gaɓoɓinta akwai tarin ƙananan hanyoyin jini da ake ganin su ke ba ta damar riƙo na dogon lokaci ba gajiya. Marmoset na Amurka ta Kudu kuwa faratansa sun lanƙwashe sun yi tsini a duk yatsu, ban da babban yatsan ƙafa, domin yana manne wa jikin kututture yana ɓarzar ɓawo ya sha ƙaro.

Wanne ne a cikinsu bai ci gaba ba?

Ummi:
Malam ka manta da mai dogon yatsan nan na Madagaska. Na taɓa ganin bidiyonsa, sai da tsigar jikina ta tashi.

Malam Sabi'u:
Aye-aye. Ban manta ba, na bar miki ne. Yatsansa na tsakiya siriri ne ƙwarai, kusan ƙashi da fata, gaɓar gindinsa tana juyawa kowace fuska. Da dare yana bin reshe yana ƙwanƙwasawa da sauri, manyan kunnuwansa na saurare. In ya gano ramin tsutsa sai ya fasa itacen da haƙoran gaba, waɗanda ba sa daina tsiro, ya zura yatsan ya zaƙulo ta. A 2019 masu bincike suka bayyana cewa a gefen wuyan hannunsa akwai wani ɗan tsiro na ƙashi da guringuntsi, da tsokokinsa, har da zanen fata, yana taimaka masa riƙo kamar yatsa na shida. Dabbar da aka daɗe da sani, amma sai a lokacin aka kula.

In kuma riƙon tsanaki Auwalu yake nema, ya je tsaunukan Habasha ya ga birin jelada. Yini yake a zaune yana tsinkar ciyawa ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa da manuni. Manuninsa ne gajere, shi ya sa kawunan ke haɗuwa da kyau. Ta fuskar awon yatsun nan biyu ya fi cimfanzi kusa da mu nesa ba kusa ba, amma ba a san shi da amfani da kayan aiki a daji ba.

Dakta Binta:
Madalla, Malam ya kawo ni inda nake so. Jelada yana da yatsun, bai yi kayan aiki ba. Birin kafucin na Brazil babban yatsansa bai iya juyowa sosai kamar na biran Afirka, amma a arewa maso gabashin ƙasar yana ɗora ƙwallon 'ya'yan itace mai tauri a kan dutse ko gungume, ya miƙe tsaye, ya ɗaga dutsen da ya kai kilo guda da hannu biyu ya fasa. Shi kansa bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba. Cimfanzi mai "gajeren" yatsan nan shi mai bincike Jane Goodall ta gani a Gombe ta Tanzaniya a 1960 yana zare ganye daga tsinke yana zurawa a shuri yana fito da gara. Na dajin Tai a Kwaddibuwa da na Bosu a Gini suna fasa ƙwallo da dutse, yaransu na shekaru suna koyo.

Saboda haka ni nawa ra'ayin, rabin hannu a ƙwaƙwalwa yake. A mutum da wasu birai akwai jijiyoyin saƙo da ke tasowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa su sauka kai tsaye kan ƙwayoyin lakar da ke umartar tsokokin yatsu, babu ɗan aike a tsakani. Kafucin yana da su da yawa, marmoset kusan babu. A 1968 wasu masu bincike biyu, Lawrence da Kuypers, sun yanke wannan babbar hanya a jikin biran makak. Biran sun warke, suna tafiya, suna hawa, suna damƙar abu da hannu gaba ɗaya. Abin da bai dawo ba shi ne sa manuni da babban yatsa su ciro ɗan abinci daga ƙaramin rami. Ƙashi lafiya, tsoka lafiya, yatsa ɗaya-ɗaya ya tafi.

Irin haka muke gani ga wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki. Kafaɗa takan fara dawowa, sai gwiwar hannu, sai damƙa. Ɓalle maɓallin riga shi ne na ƙarshe, wani ma ba ya dawowa. Akasin haka kuma, yaron da aka haifa babu babban yatsa, likitocin tiyata kan ɗauko manuninsa su gajarta shi su juya shi ya koma gurbin, ƙwaƙwalwa ta koyi aiki da shi. Ka ga ban raina sarkinka ba Auwalu, tunda har tiyata ake yi don a naɗa wani. Amma ba shi kaɗai ke mulki ba.

Alhaji Tanimu:
Ina bin ku tun ɗazu, kuma na ƙaru. Sai dai a yi hattara, kada a zarce a ce mana kakanmu biri ne.

Malam Sabi'u:
Ranka ya daɗe, abin da muka tattauna zuwa yanzu abu ne da kowa zai iya gani da ido ya auna da ma'auni: ƙashi, tsoka, jijiya. Likitoci ma da nazarin jikin dabbobi suka fahimci abubuwa da yawa na jikin mutum. Su kansu masana juyin halitta ba su ce mutum daga cimfanzi ya fito ba, cewa suke yi an haɗa asali mai nisa. Zan faɗi abin da suke cewa a kan hannu don ɗalibai irin su Auwalu da za su gamu da shi a jarrabawa, kowa kuma ya san inda ya tsaya.

A da an ɗauka hannun cimfanzi shi ne tsohon samfuri, namu sabo. Wani nazari da Sergio Almécija da abokan aikinsa suka fitar a 2015 ya nuna akasin haka ta fuskar awon yatsu: dogayen yatsun cimfanzi da orangutan su ne suka fi sauyawa, namu awon ya fi kusa da na tsofaffin birai marasa wutsiya da aka tono. Hannun Ardipithecus, wata tsohuwar halitta mai shekaru miliyan 4.4 da aka tono ƙasusuwanta a Habasha, waɗanda suka fara nazarinsa sun ce babu alamun tafiya a bayan yatsu a jikinsa. Duwatsun da aka sassaƙa mafi tsufa da aka sani, na Lomekwi a Kenya, an ƙiyasta shekarunsu miliyan 3.3. Har yanzu ana gardama a kan ko gorila da cimfanzi gadon tafiyar bayan yatsu suka yi daga wuri ɗaya, ko kowa da kansa ya same ta, domin yadda suke ajiye wuyan hannun ya bambanta.

Alhaji Tanimu:
To, a matsayin abin da suka ce, na ji. Allah ya ƙara sani. Ku ci gaba.

Auwalu:
Amin Alhaji. Malam da Dakta kun taru a kaina. Ban sauka gaba ɗaya ba, amma ina da wata. Dakta ta ce ƙwaƙwalwa, to kai Malam me ka ce?

Malam Sabi'u:
Ni na ce ƙafa. Dakta za ta yi dariya, amma hannun da zai ɗauki nauyin jiki kullum ba shi da 'yancin zama yadda ya ga dama. Dole wuyan hannu ya yi tauri, dole yatsu su dace da reshe ko ƙasa. Namu ne kaɗai a dangin aka sallama daga aikin tafiya.

Akwai awon da ake yi: a haɗa tsawon ƙashin damtse da na sangalin hannu, a raba da na cinya da ƙwauri, a ninka da 100. Mutum yana wajen 70. Bika ya kusa 100, hannu da ƙafa kusan daidai, irin na mai tafiya da huɗu. Cimfanzi ya ɗan haura 100, gorila wajen 115, gibon wajen 130, orangutan wajen 140. Indri na Madagaska, mai tsalle da ƙafafun baya daga kututture zuwa kututture, yana ƙasa da mu. Da wannan lamba kaɗai za ka iya cankar yadda dabba take tafiya.

Sannan ku ɗaga hannu sama ku kewaya shi. Bika ba zai iya wannan kamar ku ba. Allon kafaɗarsa a gefen ƙirji yake, ƙirjin kuma matsattse ne, hannu gaba da baya ya fi zuwa. Mu da birai marasa wutsiya ƙirjinmu faffaɗa ne, allon yana baya, dogon ƙashin da ya taso daga ƙirji ya tokare kafaɗa waje. Ƙashin bayan gwiwar hannunmu gajere ne, shi ya sa hannu ke miƙewa sambal. A wuyan hannu kuma, ƙashin sangali na ɓangaren ƙaramin yatsa ya ja baya, guringuntsi ya shiga tsakani, hannu ya samu damar karkata. Duk wannan kayan mai rataya ne, kuma muna da su.

Dakta Binta:
Ban yi dariya ba Malam, amma ban sallama ba. Kangaru ma hannuwansa ba sa aikin gudu, me ya ƙera?

Malam Sabi'u:
Yana dafa ƙasa da su in yana kiwo a hankali, Dakta. Kuma bai taɓa mallakar hannu mai kama reshe da farce shimfiɗaɗɗe ba balle a sallame shi.

Garba Makaniki:
Ni tambaya ɗaya ta rage mini. Tunda kafaɗarmu iri ɗaya ce da tasa kuma ya fi mu ƙarfi, in muka yi gasar jifa wa zai ci?

Malam Sabi'u:
Kai za ka ci, Malam Garba, ko ɗanka ɗan shekara 12 ma in ya saba. Jifan babban cimfanzi bai cika wuce kilomita 30 a awa ba, ƙwararrun 'yan wasan jifan ƙwallo kuwa suna haura 140. Kafaɗar ba iri ɗaya ba ce gaba ɗaya. Kwarmin da kan damtse ke zama a ciki, nasa sama yake kallo, dacewa da rataya, namu gefe yake kallo. Ƙugunmu dogo ne, ƙirji na iya juyawa daban da ƙashin ƙugu, nasa kuwa gajere ne a ƙage. Binciken Neil Roach na 2013 ya nuna cewa lokacin da mai jifa ya ja hannu baya, jijiyoyin da suka kewaye kafaɗa suna miƙewa su tara ƙarfi, sannan su sake shi gaba ɗaya, kuma wannan na iya kai rabin ƙarfin jifan. Ana biya kuwa, domin masu yawan jifa su ne ke cika ɗakin su Dakta da ciwon kafaɗa da gwiwar hannu.

Garba Makaniki:
To an daidaita. Ni da shi daga nesa za mu gwada, kuma ni zan zaɓi nisan.